Ban samu gurbin karatun likita ba: me zan gyara kafin in sake nema?

Tambaya: Ni 'yar Sakkwato ce, shekarata 18. Na ci 248 a JAMB, na zaɓi karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma sunana bai fito ba, sai aka ba ni Bayokemistiri. Sakamakona na sakandare daga zama biyu ne, kuma C6 gare ni a Fiziks da Kemistiri. Baba ya ce in karɓi abin da aka ba ni, ni kuwa likita nake son zama. In har zan sake nema, ina ya kamata in sa ƙarfina?

Amsa: Ƙanwata, kafin ki sayi littafi ko ki biya kuɗin lesin, ki zauna da takarda da biro ki gano daidai inda aka bar ki a baya. Yawancin masu sake nema suna tsallake wannan mataki, su koma karatu irin na bara, su dawo da maki irin na bara. Takardar neman gurbin likita a Najeriya ƙafa huɗu take tsayuwa a kai: makin JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, tantancewar da jami'ar ke yi da kanta, da daidaiton bayananki a na'urar JAMB. Daga abin da kika rubuto, biyu daga cikin ƙafafun nan suna ɗingishi, sauran biyun kuma ba ki ce komai a kansu ba, don haka su ma sai an duba.

Ki fara fahimtar abin da ya sa 248 bai isa ba, domin maki ne mai kyau. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Kin wuce mafi yawan ɗaliban ƙasar nan. Matsalar tana wurin gurabe. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa, kuma jami'ar da ta zarce adadin tana iya rasa amincewar hukumar. Saboda haka makin da kike jin an sanar cewa shi ne mafi ƙanƙanta, na shiga layi ne kawai. Jami'a tana jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, ta ɗiba har gurabe su cika, ta ja layi. Inda layin ya faɗa yana canzawa kowace shekara.

A jami'o'in tarayya kuma rabon gurabe kashi uku ne: 45 cikin ɗari na cancanta tsantsa, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa cikin masu koma baya a ilimin boko. Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna kewayen Jami'ar Ɗanfodiyo, suna kuma cikin rukunin na uku. Ke nan zaɓin da kika yi ba kuskure ba ne, nan ne kika fi ƙarfi. Sai dai ki sani kowane ɗan Sakkwato da Kebbi da Zamfara mai son likitanci wannan lissafin ya yi, su ne abokan takararki. Ki nemi ɗalibai uku ko huɗu 'yan jiharki da suka samu shiga a bana, ki tambaye su makinsu na JAMB da na sakandare. Wannan zai nuna miki tazarar gaskiya fiye da duk wata jita-jitar WhatsApp.

Sannan ki buɗe shafinki na CAPS, tsarin da JAMB ke bayar da gurabe ta cikinsa tun 2017, ki duba abu uku da idonki. Na farko, ko sakamakonki na sakandare yana ciki. Ɗalibai da yawa suna yin rajista suna jiran sakamako, ya fito, su kai wa jami'a, su manta ba su koma cibiyar CBT, inda ake rajista da jarrabawar JAMB ta kwamfuta, an ɗora shi a shafin JAMB ba. Wanda sakamakonsa ba ya CAPS, jami'a ba ta da hanyar gabatar da sunansa, ko da 320 ya ci. Tunda an ba ki wani kwas, da alama naki yana ciki, amma ki tabbatar duka zama biyun aka ɗora kuma ba a rubuta wani darasi a gurbin wani ba. Na biyu, jiha da ƙaramar hukuma. In mai buga bayanai ya zaɓa miki wata jiha bisa kuskure, kin fita daga kason da kike da haƙƙi a kai ba ki sani ba. Na uku, suna da ranar haihuwa. Tun 2021 JAMB daga lambar NIN take ɗauko bayanan ɗalibi, don haka in a NIN ke A'isha ce, a takardar NECO kuma aka rubuta wani salon sunan ko aka juya sunan uba da na kaka, ki gyara yanzu. Gyaran NIN yana cin makonni, wani lokaci watanni, kuma in aka buɗe rajista ofisoshin sukan cika maƙil. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ma ki karɓo ta da wuri, da irin rubutun sunan da ke sauran takardu.

Yanzu sakamakon sakandare, wanda a ganina nan ne raunin da ya fi girma a takardarki. Ƙa'ida ita ce kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. C6 kiredit ne, ba shakka. Amma makarantun likitanci da dama suna sharɗanta a samu biyar ɗin a zama ɗaya, wasu kuma suna mayar da darajar kowane darasi maki su haɗa da na JAMB, ta yadda mai A1 da B2 zai tsere wa mai C6 ko da makinsu na JAMB ɗaya ne. Ki buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da za ki nema, ki karanta sharaɗin kowace jami'ar da kike tunani, ki kuma karanta sanarwar tantancewa da jami'ar ta fitar a bara don ki ga yadda ta yi lissafinta. Kada ki dogara da abin da wani ya gaya miki na shekara uku da suka wuce.

Shawarata ki sake zama, ki haɗa biyar ɗin a takarda guda. Akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO a ƙarshen shekara, akwai kuma zagayen WAEC na farkon shekara. Ki lura da lokacin fitowar sakamako: ana so ya zo hannunki kafin jami'a ta rufe tantancewa. Wasu suna tsoron cewa shirin jarrabawa biyu zai raba musu hankali. Manhajar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ta sakandare da ta JAMB kusan abu ɗaya ce, kuma wanda ya iya warware tambayar rubutu daga farko zuwa ƙarshe, zaɓen A, B, C, D ba ya ba shi wuya. C6 ɗin nan ma wani abu yake gaya miki: tushen darussan biyu bai zauna ba. In kika duba yadda 248 ɗinki ya rabu, zan yi mamaki in ba a nan maki ya zube ba. Abin da za ki ba muhimmanci na musamman shi ne ɓangaren gwaje-gwaje. A jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ba a taɓa kayan gwaji, a takarda ake tambayar aikin, amma wanda bai taɓa ganin ana ɗiga asid daga bututu har launi ya sauya ba, ko bai taɓa zana giraf ya fitar da gangarensa ba, yakan sha wuya. Ki nemi malamin sakandare ya nuna miki a ɗakin gwaji ko sau huɗu ne. Wuraren nan da ake cewa a biya kuɗi a rubuta wa mutum, ki nisance su. Sakamakon cibiya ɗungurungum ake riƙewa, kuma ko an tsira, aji ɗaya na jami'a zai tona asiri.

Sai JAMB. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya na Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kowane darasi a kan maki 100. In kika raba, sakan 40 ke kan kowace tambaya, kuma tambayar kimiyya ɗaya tana ɗauke da kusan maki biyu da rabi. Tashi daga 248 zuwa 290 maki 42 ne, wato tambayoyi kamar 17, kusan shida a kowane darasin kimiyya. Na kawo wannan lissafi ne don ki ga girman aikin yadda yake. Tambayoyi shida a darasi abu ne da wata biyar na karatu mai tsari zai iya kawowa. Ki sa 300 a gaba, in kika faɗo kaɗan kina cikin takara.

Yadda za ki nemo waɗannan 17: ki ɗauki tambayoyin wata shekara cikakku, ki zauna awa biyu da agogo, ba waya, ba tashi. Ki yi wa kanki maki. Sannan duk tambayar da kika faɗi, ki rubuta ta a littafi na musamman tare da dalilin faɗuwa. Dalilan ba sa wuce huɗu. Ko ba ki san batun ba sam, ko kin sani kika yi kuskuren lissafi, ko Turancin tambayar ne ya ruɗe ki, ko lokaci ya ƙare. Kowanne da maganinsa daban, kuma bayan zama uku irin wannan za ki ga wanda ya fi yawa. In rashin sani ne, sai a koma littafin karatu tare da manhajar JAMB a gefe, ana soke batu bayan batu. In lissafi ne, yawanci a wurin sauya ma'auni ake faɗuwa, santimita zuwa mita, giram zuwa kilo, da lambobi masu goma a bisa. Wannan atisaye yake so, tambaya ashirin kullum, da hannu. In Turanci ne, kuma wannan ya fi kama ɗalibanmu fiye da yadda suke yarda, ki saba ja wa kalmomi irin su "except" da "not" da "least" layi, domin su ke juya tambaya ta koma kishiyarta. Ɗalibi ya san amsa sarai, ya zaɓi daidai ga tambayar da ba a yi masa ba.

A Kemistiri, ki fara da lissafin mol da daidaita ikweshan, domin gas da asid da narkewa da aikin lantarki a ruwa duk a kansa suke. Sannan oganik: sunaye, rukunai, da abin da kowane rukuni ke yi idan ya haɗu da wani. A Fiziks, motsi da ƙarfi, lantarki, haske da igiyoyi. Haddar fomula ba tare da sanin inda ta fito ba takan watse da zarar an juya tambaya. Bayoloji ɗalibai ke rainawa saboda suna ganin karatu ne kawai, alhali nan ne ya fi sauƙin kai 80; ki riƙe gadon halitta da muhalli da yadda sassan jiki ke aiki, da zane-zane. Turanci kuwa akwai littafin labari da JAMB ke sanyawa, ki karanta shi da kanki sau biyu, taƙaitawar da ake yawo da ita ba ta wadatarwa. Ki kuma riƙa karanta shafin jarida ɗaya kullum da ƙamus.

Tsarin rana ya dace da garinmu. Jarrabawar takan faɗo wajen Afrilu, tsakiyar zafin Sakkwato, watannin shiri na ƙarshe kuma a 'yan shekarun nan suna haɗuwa da azumi. Darussan lissafi ki ba su bayan Asuba zuwa hantsi, lokacin da ƙwaƙwalwa ke sabuwa kuma ba a buƙatar wuta. Bayoloji da Turanci bayan La'asar. Awa huɗu na gaskiya, kwana shida a mako, sun fi awa goma na zama da littafi a cinya. Batutuwa masu nauyi ki gama su kafin azumi, ki bar maimaici da tsofaffin tambayoyi a cikinsa. Ki yi wa Inna bayani tun yanzu a raba aikin gida ta yadda safiya za ta zama taki. 'Ya mace da ke zaune a gida shekara guda, in ba a yi wannan magana ba, girki da raino za su cinye shekarar ba da niyyar kowa ba.

Ki saba da kwamfuta. Daga wata biyu kafin jarrabawa, sau ɗaya a mako ki zauna cikakken gwaji a kan allo, ki koyi amsawa da haruffan madannai, N don gaba, P don baya. Ki yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa. A ranar, fara da darasin da kika fi ƙarfi, tambayar da ta ci miki minti ɗaya ki wuce ta ki dawo, kuma kada ki bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki kan kuskure. Bayan JAMB kada ki ajiye littafi, domin in jami'ar da kika zaɓa tana yin jarrabawar tantancewa, darussan nan ne dai za su sake fitowa, kuma nan ne masu maki iri ɗaya ke rabuwa.

Wurin zaɓen jami'a, likitanci zaɓin farko yake kallo. Sanya Ɗanfodiyo a farko, Bayero ko Ahmadu Bello a na biyu, ba ya ba ki dama biyu, domin na biyun ta cika gurabenta da waɗanda suka sa ta a farko. Abin da ke da amfani shi ne canjin jami'a bayan maki ya fito: in kika ga makinki ya fi dacewa da wata makarantar, ki canza kafin ta rufe tantancewa. Duk sabuwar makarantar likitanci da za ki duba, ta jiha ko ta kuɗi, ki tabbatar sunanta yana jerin da MDCN ta amince da su. Amincewar hukumar jami'o'i kaɗai ba ta sa a ba ki lasisin aiki. Ƙasar waje ma haka: wanda ya gama a can sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a nan, kuma abin da ya sami ɗalibanmu a Yukiren a 2022 da Sudan a 2023 ya isa a yi nazari kafin a sayar da gona.

Shawarwarin da za ki gani a intanet cewa ki yi aikin sa kai a asibiti, ki rubuta tarihin kanki, ki samo wasiƙun shaida, na tsarin Amurka da Ingila ne. A nan ba sa ƙara miki maki ko ɗaya. Duk da haka ina so ki nemi wata likita ta bar ki ki bi ta kwana biyu ko uku, ki ga layin marasa lafiya, ki ga kwanan asibiti, ki tambaye ta yadda shekara shida ta karatu da shekarar horo da hidimar ƙasa suka kasance. Amfanin wannan naki ne. Wasu sukan fito da ƙarin azama, wasu su gane jinya ko harhaɗa magunguna ko gwajin jini ne ya fi kwanta musu, kuma duk ayyuka ne da asibitocin jiharmu ke nema ido rufe.

Maganar Baba kuwa tana da tushe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma makin JAMB na shekara ɗaya ne, gurbin da kika bari ba zai jira ki ba. Hanyoyin uku ne. Kina iya karɓar Bayokemistiri ki fara, ki sake rubuta JAMB kina aji ɗaya. Ribarsa ita ce darussan aji ɗaya na kimiyya, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ne, za su ƙarfafa ki, kuma in ba a dace ba ba ki yi asarar shekara ba. Tsadarsa kuɗin rajista da rabuwar lokaci, musamman in jarrabawar zango ta zo kusa da JAMB. In wannan kika bi, wajen rajista ki bayyana cewa ke ɗaliba ce, kada ki ɓoye. Abin da ba zan so ba shi ne ki shiga da tunanin za a mayar da ke likitanci daga ciki in kin yi ƙoƙari. Irin wannan canji, inda ma ake yinsa, gurabensa 'yan kaɗan ne ƙwarai, saboda adadin nan na MDCN. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya yi miki hanya, ki riƙe kuɗinki. Gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba.

Hanya ta biyu ita ce zama a gida shekara guda, ki haɗa sabon sakamakon sakandare da sabon JAMB. Ta uku ita ce IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko JUPEB, inda ake karanta darussa uku kusan shekara guda a nemi shiga aji biyu kai tsaye. Guraben shiga kai tsaye a likitanci sun fi na JAMB ƙaranci, kuma ana bukatar kusan A a duka ukun. Ba ya kuma goge matsalar zama biyu, domin sharaɗin sakandare yana nan. Ga mai C6 a Fiziks da Kemistiri ba zan sa shi a gaba ba.

Da a ce JAMB kaɗai ce matsalarki, da na ce ki karɓi kwas ɗin ki sake gwadawa daga ciki. Amma jarrabawa biyu ke gabanki, ga shekarunki 18, ga wannan ne karonki na farko. A irin wannan hali zaman shekara ɗaya abu ne da za a iya karewa, da sharaɗin a yi yarjejeniya da Baba a fili: shekara ɗaya ce, ba biyu ba. Ki kawo masa takarda mai ranaku, yaushe za a gyara NIN, yaushe rajistar WAEC ko NECO, nawa ne kuɗin kowanne, wane malami zai duba ki. Ku sa ma'auni a tsakiya: in zuwa ƙarshen Janairu gwajin da kike yi da agogo bai riƙa kai 270 ba sau uku a jere, wajen cike fom sai a sa kwas na lafiya da makinki zai iya ɗauka, kamar jinya, kimiyyar ɗakin gwaji, ɗaukar hoton asibiti ko harhaɗa magunguna, waɗanda su ma gasarsu ba ƙarama ba ce. In kuwa Baba ya tsaya a kan ki karɓa, ko kin san gidanku ba zai ba ki natsuwar karatu ba, ki karɓa, ki rubuta jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara kina makaranta. Kowanne kuka zaɓa, ku yanke cikin kwanakin nan, domin gurbin da aka bayar a CAPS yana da wa'adin karɓa ko ƙi, kuma rajistar jarrabawar ƙarshen shekara takan rufe tun kafin mutane su farga.